Madubin Soja da Zanen Kaka

Makon jiya na bi ta bayan kasuwar Habbena, a nan Chadi, sai na tarar rumfar wanzaman nan ta gindin darbejiya babu ita. An kafa wani ɗan shago mai shuɗin fenti a wurin, samari suna cajin waya suna jin kiɗa. Na tsaya ina kallo har wani mai babur ya yi mini tsawa in kauce. Ba kewar aska nake yi ba. Ni kaina fuskata sumul take, ta 'ya'yana ma haka, kuma ban taɓa fatan a tsaga kumatun jaririn kowa ba. Amma a zamanin da muka taso, fuskar tsoho abin karantawa ce. Kina zaune a gidan suna, tsohuwa za ta shigo, kafin ta gama sallama an san ƙasar da iyayenta suka baro. Yanzu tsofaffin nan sun kusa ƙarewa, masu iya karanta su kuwa sun riga su tafiya. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarin fuskar Kakata tun ina iya tuna shi daki-daki.

Gidanmu babban gida ne, na ƙasa, mai bishiyar mangwaro ɗaya a tsakiya. Ba agogo ke tashinmu ba. Da farko kiran salla, sai ƙarar guga a rijiya, sai turmin Inna mahaifiyata, sai muryar Larabawa masu madara suna wucewa ta ƙofar gida da ƙwarya a ka. A cikin gida Hausa muke yi, da mun taka soro zuwa waje sai baki ya juye Larabcin gari, a lekol, wato makarantar boko, kuma Faransanci, wanda nake rubutawa da kyau amma ba na iya furtawa a gaban mutane. Ni yarinya ce mai kunya ƙwarai. Shiru ake kirana, har wasu maƙwabta suna zaton sunana ke nan. An koya mana ba a kallon babba a ido, ni kuwa na ɗauki abin na wuce da shi gaba: ba na kallon kowa a fuska. Ta ƙafa nake sanin mutane. Na san wanda dugadugansa suka tsage, na san wanda ke jan takalmin hagu, na san baƙon da ya shigo tun kafin in ji muryarsa. Aikina a gida shara ne da aiken kasuwa, sai kuma ranar Juma'a in taje wa Kaka kai.

Kaka mahaifiyar Babana ce. A lokacin idonta ya yi rauni, sai dai ta ga inuwar mutum. Duk da haka, in za a taje mata kai, sai ta buɗe adakarta ta ciro wani ɗan madubi, ta riƙe shi a gabanta kamar tana ganin wani abu. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. Bayansa ƙarfe ne da ya yi baƙi, da 'yar ƙugiya a sama ta rataya, da wasu lambobi da suka kusa gogewa. Lokacin yaƙi, da mutanen gari suka tsere ƙetaren kogi, an ce Kaka ta bar tasoshinta da gadonta amma ta ɗaure madubin nan a bakin zane. Ni ina tsaye a bayanta da mataji da man shanu, kuma a cikin madubin nan kaɗai nake iya kallon fuskarta ba tare da kunya ta kama ni ba. Na haddace ta kamar karatun allo. Zane dogaye daga gefen baki zuwa kunne, bakwai a ɓangaren hannuna na hagu, shida a ɗaya ɓangaren, sannan wani ɗan ƙaramin zane mai yatsu uku kamar sawun tsuntsu, kusa da ido, a ɓangaren bakwai ɗin.

Labarin asalinmu iri biyu ne a gidan. Yawancin Hausawan unguwa jikokin masu tafiya Makka a ƙafa ne, waɗanda suka yada zango a bakin kogin nan, zangon ya zama gida. Abin alfahari ne. Baffa, wan Babana kuma babban gidan, shi ma haka yake gaya wa baƙi in an kawo shayi: kakansa almajirin ilimi ne da ya nufi gabas, ciwon ƙafa ya tsayar da shi. In Kaka ta jiyo daga ɗakinta sai ta ɗaga murya.

“Ubana askar ne! Soja ne, da bindigarsa da jar hularsa. Wane ciwon ƙafa? Mutumin da ya taka hamada har ya dawo?”

“Hajiya, a yi haƙuri, akwai baƙi,” Baffa zai ce. Sai ya rage murya ya juya wajen baƙin: “Tsufa ne. Tana 'yar shekara bakwai ya rasu, me ta riƙe?”

A wurin Baffa, sojan Nasara abin kunya ne, ba abin da za a faɗa a zaure ba. Kuma yana da hujjarsa. Kaka ta dage cewa ubanta ya ce mata zanen fuskarta irin nasa ne, na garinsu, duk wanda ya fito daga can zai gane ta. Baffa ya taɓa kawo wanzamai har uku, tsofaffi masana, suka duba suka girgiza kai. Suka ce abin ya yi kama da na ƙasar Gobir, amma ba haka ake yin sa ba, babu garin da ke zane irin wannan. Tun daga nan Baffa ya samu abin faɗa: in ta yi kuskure a zancen zane, ta yi a sauran. Kalmar da yake amfani da ita ita ce ruɗewa. Wata Juma'a ina taje mata kai ta ce mini, ba tare da na tambaya ba: “Shiru, ba mutuwa nake tsoro ba. Abin da ke ci mini rai, in tafi ana cewa tsohuwa ta ruɗe, kuma ban san ko sunan garin ubana ba.” Matajin ya tsaya a hannuna.

Ana nan sai Metir, malaminmu na aji, ya ba mu aiki: kowa ya je ya tambayi tsofaffin gidansu daga ina aka zo, ya rubuto, ya karanta a gaban aji. Zancen karantawa ya ba ni tsoro, amma zancen tambaya ya sa na kasa zama. Na samu dalilin da zan zauna gaban Kaka da littafi da biro. Kuma da ta ga ana rubutawa, sai ta buɗe kamar an cire wa randa marufi. Ta ce lokacin da ubanta ya zo, garin nan bariki ne kawai da 'yan bukkoki a inda koguna biyu suka haɗu, dorina na fitowa kiwo a inda yanzu motoci ke bi. An tura shi can arewa tsaron rijiyoyi, inda ya ce ana yin wata ba a ga ɗanyen ganye ba. Da aka sallame shi bai koma gida ba, ko hanyar ta yi masa nisa, ko kunya, ita ba ta sani ba. Ya share wani fili a bakin kogi ya shuka albasa, layi-layi, tsaf kamar sojoji a fareti, har mutane na zuwa kallo suna dariya. Ya auri Balarabiya mai sayar da madara, wadda ba ta jin Hausa sai kaɗan, ita ce uwar Kaka. Yana tashi kafin zakara, ya rataye madubinsa a jikin ginshiƙin rumfa ya yi aski yana fito, wani fito mai hawa da sauka irin na ƙahon bariki. Kaka ta yi mini fiton da bakinta da babu haƙori, muka yi ta dariya. Ta ce bai taɓa kiran sunanta ba, don sunan mahaifiyarsa ya sa mata. Uwata yake ce mata.

Daga ranar nan na zama kamar mai farauta a cikin gidanmu. Na lura Kaka tana ninke bargonta kusurwa huɗu, ta danne gefen da tafin hannu. Na leƙa ɗakin Babana, haka nasa yake. Na duba nawa, ashe ni ma haka nake yi, ban san ranar da na koya ba. Na je gidan ƙawata, jikar alhazan ƙafa ta gaskiya, na ga su naɗe bargo suke yi kamar tabarma. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne Baffa. Takalmansa a ƙofar ɗaki jere suke, kawunansu duk suna kallon gefe ɗaya, in yaro ya ture ɗaya sai an yi faɗa. In zai tafi masallaci, bayansa a miƙe, hannu na kaɗawa. Kuma in yana alwala shi kaɗai, yana zaton ba mai ji, fiton nan na ƙaho yake yi a hankali. Na rubuta duka a littafina, ina ɓoyewa kamar na saci wani abu. Amma wa zan gaya wa? Bargo ba ya shaida a gaban Baffa.

A wannan shekarar ne wasu baƙi suka sauka a bayan kasuwa, fatake daga yamma. Mijin yana bin manyan motoci da kaya, matar kuma tana daddawa a gida, daddawar da ƙamshinta ya sa Inna ta daina sayen ta kowa. Mace ce doguwa mai surutu, Hausarta daban da tamu. Sau uku ina zuwa ban san fuskarta ba, na san dai tana da lalle har idon sawu. Rana ta huɗu ta gaji da ni.

“Ke ɗiyag ga, mi anka ajiye maki a ƙasa? Kullum kina kallon ƙahwahuna, ko sayen su za ki yi?”

Ta sa yatsa ta ɗaga haɓata. Na kalle ta, sai na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Fuskar Kaka ce. Ba kamanni ba, don ita baƙa ce mai faɗin fuska. Zanen ne. Na ƙirga da ido: bakwai a ɓangaren hannuna na hagu, shida a ɗayan. Ga sawun tsuntsun nan kusa da ido, daidai inda na saba ganin sa.

“Yau ga ikon Allah,” in ji ta. “Da ba ki kallo, yanzu kuma kin kahwa mani ido kamar mayya. Lahiya?”

Na kwasa da gudu, na bar daddawar da kwanon a gabanta. Ban taɓa gudu a kan titi irin na ran nan ba, na tsallake kwata, na kusa ture mai kankana. Na faɗa ɗakin Kaka ina haki na ce ta ba ni madubi. Ta ce yau Talata ce, wane irin taje kai? Na ce ta dai riƙe. Na tsaya a bayanta na ƙirga, na sake ƙirgawa. Bai canza ba. Na gaya mata abin da na gani, maganata na karo da juna. Kaka ta sauke madubin a cinyarta. Can ta ce, “Je ki kirawo ta. Ki ce tsohuwa ce ke roƙo.”

Da la'asar Mai Daddawa ta zo, ta riƙo mini kwanona. Labari ya riga ya zaga gidan, matan gida sun taru a gindin mangwaro, Baffa ma ya fito da carbinsa ya zauna a kujera, da irin murmushin wanda ya san ƙarshen zance. Aka gaisa, aka kawo karkanji, wato zoɓo, mai sanyi. Mai Daddawa ta durƙusa a gaban Kaka ta duba fuskarta da kyau, ta karkata kai nan, ta karkata can. Sai na ga fara'arta ta ragu.

“Inna, ki gahwarce ni. Ya so shi yi kama da namu, amma ba shi ba ne. Mu bakwai ɗinmu a dama take, da ɗan sawun. Naki duk a hagu. Ba a yin haka ko'ina.”

“To, alhamdu lillahi,” in ji Baffa, yana tattara rigarsa. “Wanzamai uku sun faɗa, ga ta huɗu. Kalas, magana ta ƙare. A bar Hajiya ta huta.”

Na kalli hannun Kaka, na ga ya saki a kan cinyarta. Ban san lokacin da murya ta fito daga bakina ba, kuma da ƙarfi, har kajin da ke kiwo suka watse.

“Ba ta gaba za ki duba ba! Ki tsaya a bayanta!”

Inna ta dafe ƙirji, don ba ta taɓa jin na ɗaga murya ba, balle a gaban Baffa. Ni kuwa na riga na faɗa ruwa. Na ja hannun matar na kai ta bayan Kaka, na ɗaga madubin. Ta sunkuya ta leƙa. Sai ta yi salati da ƙarfi, ta ja da baya, ta sake leƙawa.

“Wallahi huskar innata ce! Ga bakwai, ga shida, ga sawun! Wanga sawu wanzaman ƙauye guda ɗai ke yin shi, ƙauyen da anka haifi uwata. Inna, don Allah wa ya yi maki aska?”

“Ubana da kansa,” in ji Kaka. “Uwata ta ce ya zaga garin nan bai samu wanzamin da ya san na garinsu ba. Ya ce ba za a bar 'yarsa ba alama kamar kaza ba. Ran suna ya rataye madubin nan, ya ɗora ni a cinya, yana duba fuskarsa yana yi mini.”

“Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba, Hajiya?” in ji Babana.

“Wa ya tambaye ni? Kowa zuwa yake ya ƙirga ya tafi.”

Mai Daddawa ta fashe da dariya har da tafi. “Soja da aska! Daga madubi ya kwahe! Ai dole shi juye!”

Baffa bai yarda nan take ba. Ya ce a ba shi madubin. Ya sa aka kawo kwalli, ya ɗiga a kumatunsa na dama, ya ce in durƙusa a gabansa. Ya duba madubi, ya dube ni, ya ɗiga mini a ɓangaren da ya gani. Sannan ya ce in taɓa wurin. Na ɗaga hannu na taɓa. Hagu ne. Babban mutum mai furfura, da ɗigon kwalli a kumatu, ya yi sororo yana kallon hannuna, matan gida suna toshe baki da mayafi. Nan Mai Daddawa ta faɗi sunan ƙauyen. Kaka ta maimaita shi sau uku a hankali, kamar mai ɗanɗana abinci. Amma Baffa, yana goge kumatu, ya ce, “To, an san gari, madalla. Sai dai wannan bai ce soja ne ba. Mai tafiya Makka ma yana iya riƙe madubi.”

A zamanin nan babu waya a hannun kowa. In kana da saƙo mai nauyi zuwa nesa, kaset kake ɗauka ka ba direba. Mijin Mai Daddawa ya ce in ya tashi tafiya zai ratsa ta ƙauyen. Babana ya sayo sabon kaset da batura, ya goge rediyonsa. Ranar ɗauka Kaka ta yi wanka, ta sa zanenta na salla, ta shafa turare, Inna na cewa ai rediyo ba ya jin ƙamshi. Ni aka ba danna maɓallin ja. Kaka ta gyara murya ta yi sallama ga mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ta faɗi sunan ubanta, ta ce dogo ne, yana da tabon ƙuna a hannun dama tun na yarinta, ta ce ya rasu a bakin kogi a ƙasar Chadi ya bar 'ya ɗaya. Ba ta ce soja ne ba, ba ta ce alhaji ne ba. A ƙarshe ta ce, “Sunana ban faɗa ba. In ku ne danginsa, ku gaya mini sunan uwar da ta haife shi, da abin da ya fitar da shi daga gida.” Da na kashe, ta juya wajen da take jin numfashin Baffa ta ce, “Ka ji dai ban sa musu magana a baki ba.” Ko Mai Daddawa ba ta san sunan ba, don a unguwa daga Kaka sai Hajiya.

Sai jira. Ranar karatu a aji ta zo, na miƙe na karanta rabin labari na ce sauran yana hanya cikin mota. 'Yan aji suka yi dariya, Metir ya ce zai jira motar. Damina ta sauka, unguwa ta zama taɓo, muna tafiya lekol da takalma a hannu. Kullum in na je sayen daddawa, tun daga nesa matar take girgiza mini kai. A tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da Kaka, ta daina cin tuwo sai kunu, ta rame har zanen fuskarta ya zurma. Na shiga tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Duk motar da ta yi ƙara a babban titi sai in fita in duba. Wata safiya ina ba ta kunu ta ce, “Kar ki damu, Shiru, ba inda za ni. Ina da baƙo a hanya.”

Baƙon ya iso bayan ruwa ya ɗauke, wata safiya ina shara. Muryar Mai Daddawa na fara ji tun daga soro, tana guɗa, ta shigo da kaset a sama naɗe cikin leda da tsumma. Na yar da tsintsiya. Kafin a ce me, gidan ya cika, har maƙwabta ta kan katanga. Aka fito da Kaka aka jingina ta da filo a gindin mangwaro. Don gaggawa na sa kaset ɗin a juye, aka yi mini ca. Da ya fara juyawa, abin da muka fara ji zakara ne, da daka, da kukan akuya, da wani yana cewa a yi shiru a yi shiru. Ƙauyen ne da kansa ya shigo tsakar gidanmu. Sai muryar wani tsoho, mai kaushi, tana rawa. Ya yi sallama, ya ce sun saurari saƙo a ƙofar gidan mai gari, mata na kuka. Ya ce tabon ƙunar nan a wurin ƙira aka same shi, tsofaffi sun sha faɗa. Sannan ya ce, “Uwar da ta haihe shi, kakata ce, sunanta,” ya faɗi suna. Sunan Kaka ne, wanda ni har yau bakina ba ya iya furtawa. Matan gida suka ɗauki salati. Kaka ba ta motsa ba, ta ɗaga hannu kawai a yi shiru.

Tsohon ya ci gaba. Ya ce a shekarar da Nasara suka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya a kai shi soja, kan wan uban Kaka ne abin ya faɗa, shi kuwa bai daɗe da aure ba, matarsa na da ciki. Da asuba ƙanen ya riga shi fita, ya je ya tsaya a layi a madadinsa, bai yi sallama da kowa ba don kar a hana shi. Uwarsu ta yi shekaru tana zama a bakin hanyar gabas bayan girbi, tana tambayar fatake ko sun ga dogo mai tabo a hannu. “Cikin nan da anka bari, ni ne,” in ji tsohon. “Da bai tahi ba, da ban san ubana ba. Ke ɗiyar baffana, gidanku na nan. Ɗakinshi ya rushe, amma ba mu bari kowa ya yi gini a wurin ba.”

Kaset ya ci gaba da gaishe-gaishe, kowa na ƙauyen yana son ya sa baki. Ni kuwa, da na saba kallon ƙafa, ƙafafun Baffa na kalla. Ya zame daga kujera, ya tuɓe takalmansa, ya ajiye su a jere ba tare da ya sani ba, ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa. Sai ya ce, “Shiru, mayar da shi baya. Wurin layin nan.”

“Mayar masa,” in ji Kaka. “Ni na ji tun ina 'yar shekara bakwai. Shi ne bai ji ba.”

Aka yi dariya da hawaye a haɗe. Ran nan Kaka ta ci tuwo.

Ta ƙara damina biyu a duniya, kuma ba a sake faɗin kalmar ruɗewa a gidanmu ba. Ƙafarta ba ta kai ƙauyen ba, amma Baffa ya je, ya dawo da ƙullin gero da labarin da ya ishe shi ba baƙi har ƙarshen ransa. In an kawo shayi sai ya gyara zama ya ce, “Mu kakanmu soja ne,” kamar shi ya gano. Na karanta sauran labarin a aji, ban ɗaga kai daga littafi ba, amma na kai ƙarshe. Yanzu jikokin tsohon nan suna kiranmu ta waya muna ganin juna, fuskokinsu sumul kamar namu, ba mai zanen da za a ƙirga. Abin da a da ya ci wata da watanni a bayan mota, yau kafin shayi ya huce an gama shi, kuma ban ga ana sa turare kafin a yi magana ba.

Madubin yana wurina, Kaka ta ce ni za a ba. Gilashin ya yi dishi-dishi, ƙugiyar ta karye. Ranar Juma'a in zan yi wa ƙaramar 'yata kitso, nakan ba ta ta riƙe. Ita ma ba ta son kallon mutane, ƙasa take kallo, malamanta suna ta ƙorafi. Ni ba na matsa mata. Ina dai tsaye a bayanta, wani lokaci in ɗaga ido in tarar tana kallona ta cikin madubin.